Karayar Ramsey da haƙurin da ba a nunawa a talabijin

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Waɗanda suka daɗe suna zuwa gidan kallo za su tuna ranar 27 ga Fabrairun 2010, wasan Arsenal a gidan Stoke City. Ryan Shawcross na Stoke ya kai wa Aaron Ramsey na Arsenal, ɗan ƙasar Wales, wata shiga da ta karya masa ƙasusuwa biyu na ƙwaurin dama. Shekarunsa 19 kacal. Inda muke kallo wuri ya yi tsit, sai salati kawai kake ji, har daga bakin waɗanda suka zo don su ga an ci Arsenal. Glenn Whelan, ɗan wasan Stoke, shi ne ya durƙusa ya riƙe shi yana lallashinsa kafin likitoci su iso. Shawcross kuwa da kuka ya fita bayan an ba shi jan kati.

Wannan kowa ya gani. Haka kowa ya ga ranar 17 ga Mayun 2014 a Wembley, da Ramsey ya ci Hull City ƙwallon nasara a minti na 109, Arsenal ta ɗauki kofin FA bayan shekara tara rabonta da kofi. Ya sake yin irinta a kan Chelsea a 2017.

Abin da nake so mu duba shi ne tsakanin ranakun nan. Wata tara ya yi bai buga wasa ba: tiyata, dogara sanda, koyon taka ƙafa kamar yaro mai tatata. Da ya miƙe aka tura shi aro Nottingham Forest, sannan Cardiff inda ya taso. Ƙashi ya ɗore, amma wasa bai dawo da wuri ba. Wajen 2012 magoya bayan da suka tausaya masa su ne suka koma zaginsa, ana cewa ya ƙare, a sayar da shi. Ni ma na faɗi haka da bakina, kuma ina neman gafarar Allah, don na yanke hukunci a kan bawan da ban san me yake fama da shi ba.

Ɗan uwa da ke kwance, ko wanda jarinsa ya karye, ko 'yar uwa da aurenta ya mutu, ranar da abin ya faru gida cike yake da 'yan jaje. Bayan wata uku ƙafa ta ɗauke, ka rage daga kai sai Ubangijinka. A nan ne Shaiɗan ke zuwa da "da ma". Manzon Allah (SAW) ya koya mana, a hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, mu yi kwaɗayin abin da zai amfane mu, mu nemi taimakon Allah, kada mu gajiya. In wani abu ya same mu kada mu ce da na yi kaza da kaza ya faru, mu ce Allah ne ya ƙaddara, abin da ya so shi ya aikata. Ka lura, "kada ka gajiya" tana cikin hadisi ɗaya da yarda da ƙaddara. Ka sha maganinka, ka koma wurin mai ɗori ko likita ranar da ya ce, ka taka ƙafar ko da zafi. Yaron nan don ƙwallo ya jure duk wannan. Kai kuwa an yi maka alkawarin ko ƙaya ce ta soke ka, za a kankare maka zunubi da ita.

Mu masu lafiya kuma mu kama bakinmu a kan wanda ke ɗingishi yana ƙoƙarin dawowa. Akwai wani a unguwarku da kuka duba sau ɗaya lokacin da ya kwanta, ba ku sake komawa ba. Ku leƙa shi yau bayan la'asar.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.