Biyan tara ba ya fito da wanda ba a yi wa shari'a ba

Tun ranar da Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya tsaya a gidan yarin Kuje a watan Nuwamba na 2023 ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068, bayan an tara naira miliyan 585 domin biya musu tara da diyya, wannan salo ya ƙara samun gindin zama. Da azumi ya kama ko Sallah ta gabato, sai ka ga gwamna ko attajiri ko wata ƙungiya a ƙofar gidan yari, ana raba kuɗin mota, ana ɗaukar hoto, da yamma rediyo ya sanar cewa an rage cunkoso. Ba ni da ja a kan ladar wanda ya fanshi talakan da ya kasa biyan tarar naira dubu ashirin. Allah ya saka masa da alheri. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake nuna mana wannan a matsayin maganin ciwon, har mutane masu ilimi suna tafawa.

A lokacin da aka yi wancan sakin, ma'aikatar da kanta ta ce mutanen da ke tsare sun haura dubu 80, a gidajen da aka gina wa ƙasa da dubu 50. Kimanin kashi biyu cikin uku na wannan jama'a zaman jiran shari'a suke yi. Tara kuwa sai wanda alƙali ya riga ya yanke wa hukunci. Mai tara ya ga alƙali, ya ji laifinsa, ya san ranar fitarsa ko da ba wanda ya taimake shi. Mai jiran shari'a ba shi da tarar da za a biya masa, ba shi da ranar da zai ƙirga. Ko da Ɗangote ne ya zo ƙofar da buhun kuɗi, ba abin da zai iya yi masa. Wannan mutumin lauya yake bukata, wanda zai bi takardunsa ofis-ofis, kuma a ƙananan garuruwanmu lauyan ne babu.

Na ga wannan da idona a garinmu, wanda hedikwatar ƙaramar hukuma ce mai kotun majistare da kotun shari'ar Musulunci da ofishin 'yan sanda, amma idan ka zaga daga tasha zuwa ƙofar fada ba za ka ga allon ofishin lauya ko ɗaya ba. An kama ɗan wata maƙwabciyarmu, yaro mai gyaran babur, bayan an ƙwace wa wani waya da dare. Aka rubuta masa haɗa baki da fashi da makami. Da aka kai shi gaban majistare, zaman bai kai minti biyar ba. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya karanta takardar tuhuma, alƙali ya ce kotunsa ba ta da hurumin sauraron wannan laifi, ba a ma tambayi yaron ko ya amsa ko ya musa ba, aka ce a ajiye shi a gidan yari har a samu shawarar lauyoyin gwamnati. Uwar ta zo wurina da yamma tana cewa: "Malam, don Allah mene ne hurumi? An ce mini ba a yi shari'ar ba, an kuma ce mini an tafi da shi." Wata goma sha ɗaya ta yi tana zuwa kotun nan. Kullum magatakarda ya duba littafi ya ce mata: "Baba, ki yi haƙuri, shawara ba ta dawo ba, ki dawo wata mai zuwa." Ba ƙarya yake mata ba. Shi ma bai san inda fayil ɗin yake ba.

Ga hanyar da wannan fayil ke bi, domin a nan ake ɓatar da rayuwar mutane. Daga ofishin 'yan sanda na garin, kundin bincike zai tafi sashen binciken manyan laifuffuka a babban birnin jiha. Daga can a kwafe shi a aika Ma'aikatar Shari'a, inda daraktan gabatar da ƙararraki zai ce ko akwai hujjar da za a gurfanar da mutum a babbar kotu ko a sallame shi. Daga nan shawara ta dawo kotun majistare. A kowace gaɓa akwai inda takarda za ta kwanta: an yi wa ɗan sandan da ya yi bincike canjin wurin aiki, babu kuɗin kwafi, babu wanda zai ɗauki fayil ya kai, ko an kai an ɗora wasu ɗari a kansa. Fayil ba ya tafiya da ƙafarsa. Wanda ke da lauya, lauyan zai rubuta wasiƙa, ya je ya tsaya, ya shigar da buƙatar beli a babbar kotu. Wanda ba shi da kowa, sai abin da Allah ya yi. A ƙarshe wata matashiyar lauya 'yar garin, da ta zo hutun Sallah daga birni, ita ta ji labarin yaron nan mai gyaran babur ta bi sawu. Cikin mako uku aka gano fayil ɗin bai taɓa barin hannun 'yan sanda ba. Da ya isa ma'aikatar, shawara ta ce babu hujja a kan yaron.

Kada wani ya ce mini doka ce ba mu da ita. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Dokar gudanar da shari'ar manyan laifuffuka ta 2015 ta ƙayyade umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14, kuma ba a sabunta shi sai an kawo dalili. Ta ba Antoni Janar, wato babban lauyan gwamnati, kwana 14 ya fitar da shawara bayan fayil ya iso hannunsa. Ta ɗora wa manyan majistarori ziyartar ofisoshin 'yan sanda kowane wata su ga waɗanda ke tsare. Ta hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, ta kuma ce mace na iya tsaya wa mutum a beli, abin da har yau ake hana iyaye mata a wurare da dama. Jihohi sun yi irin tasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Kotun ECOWAS ma ta yi hukunci tun 2012 a shari'ar Sikiru Alade, mutumin da aka tsare a Legas tun 2003 da irin wannan umarni na majistare, ta ce tsarewar ta saɓa wa haƙƙinsa. Duk waɗannan tanade-tanade suna jiran mutum guda ne da zai miƙe a kotu ya ce: "Ya mai shari'a, kwana 14 sun cika." Bafulatanin da aka kamo daga ruga ba zai faɗi haka ba, mai gyaran babur ma ba zai faɗa ba, domin ba su taɓa jin akwai wannan magana ba.

Gwamnati za ta ce ai akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976, dokarta ta 2011 kuma ta ce duk wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira dubu 70 a yanzu, ya cancanci lauya kyauta. A wannan ma'auni kusan kowa a garinmu ya cancanta. To ina ofishin? Yawanci yana babban birnin jiha, da lauyoyi 'yan ƙalilan da aka ɗora wa ƙananan hukumomi 44 kamar a Kano, ko 34 kamar a Katsina. Matar da ba ta da kuɗin motar zuwa kotun garinsu, ita ake so ta nemo wannan ofis a birnin da ba ta taɓa kwana ba. Lauyoyi masu zaman kansu kuwa ba zan zarge su da bin inda abinci yake ba; a Legas da Abuja da Fatakwal da Kano ake shari'ar kamfanoni da filaye da zaɓe. Idan mutumin ƙauye ya ɗauko ɗaya daga birni, zai biya kuɗin aiki, ya biya kuɗin mai a kowane zama, a zo a tarar alƙali ya tafi taro ko motar gidan yari ba ta kawo wanda ake tuhuma ba, a ɗage, ya sake biya. Akuya ta tafi, gona ta shiga jingina, shari'a ba ta motsa ba.

Gurbin da lauya ya bari, 'yan gindin bishiya ne suka cike shi. Kowa ya san su a harabar kotu: mutum da tsohuwar jaka a hammata, ya tare ka tun daga ƙofa, ya ce ya san alƙali, ya san mai gabatar da ƙara, kawo dubu talatin a ga abin da za a yi. Wasu har da masu tsayawa beli na haya suke yawo. An rubuta a bangon ofishin 'yan sanda cewa beli kyauta ne, amma wanda ya shiga ba tare da mai magana a madadinsa ba ya san abin da ya biya kafin ya fito.

Masu cewa a gina ƙarin gidajen yari, irin mai ɗaukar mutum 3,000 da aka yi a Janguza ta jihar Kano, ɗaki kawai suke ƙara wa zalunci. Masu jiran babban jojin jiha ya kai ziyara ya saki mutum ashirin ko talatin, su tambayi kansu mutum nawa majistarori suka tura ciki a wannan makon kaɗai. Sai kuma namu, da suka fi ba ni haushi, masu cewa mai gaskiya ba ya bukatar lauya, lauya ai mai kare ɓarawo ne. Wannan magana ta jefa bayin Allah da yawa cikin halaka. Ka ga dattijo ya hana a nemo wa ɗansa lauya wai kada a ce suna da abin ɓoyewa, ya zauna yana jiran gaskiya ta yi halinta, alhali babu wanda ya ma buɗe fayil ɗin balle ya ga gaskiyar. Wakilci a gaban alƙali ba baƙon abu ba ne a fiƙihunmu, malamai sun san babin wakala. Ina jiran ranar da zan ji limamin Juma'a ya yi huɗuba a kan haƙƙin wanda aka tsare ba tare da hukunci ba, kamar yadda ake yi a kan falalar fansar mai tara.

Gwamnonin nan da ke zuwa ƙofar gidan yari da 'yan jarida, su ne ke da Ma'aikatar Shari'a, su ne ke naɗa Antoni Janar, kuma mafi yawan waɗanda ke tsare laifuffukan dokar jiha ake zarginsu da su. Wanda fayil ɗinsa ya kwana shekara a ma'aikatar gwamna, gwamnan ne ya tsare shi, ko ya sani ko bai sani ba. Abin kunya ne mutum ya bar ɗaruruwa suna ruɓewa saboda sakacin ofishinsa, sannan ya zo ya saki hamsin da kuɗin tara yana jiran a gode masa.

Abin da nake nema ba shi da tsada. A ajiye lauyan gwamnati mai kare talaka a kowace hedikwatar ƙaramar hukuma, ko da ɗaya ne, a ba shi ɗaki kusa da kotu da babur. Makarantar lauyoyi ta Bagauda da ta Yola suna yaye matasa kowace shekara. A tura masu hidimar ƙasa daga cikinsu garuruwa, maimakon a tara su a ma'aikatu suna zaman kashe wando. A liƙa sunayen waɗanda ke tsare da ranar zamansu na gaba a allon kowace kotu, da Hausa, yadda uwa za ta sa a karanta mata. Attajirin da ke ware miliyan biyar domin biyan tara da azumi, ya raba biyu, ya ɗauki lauya ɗaya na shekara guda ya ce masa ya bi fayil ɗin 'yan garinsu da ke jiran shari'a, ya fara da wanda ya fi daɗewa a ciki.