Makanikan Legas, ku daina lafta mana gam a kan yoyon giyabos

Akwai wata mummunar ɗabi'a da ta zama ruwan dare a garejin Legas, daga Agege har Mile 12, kuma lokaci ya yi da za a faɗe ta da babbar murya. Mai Hilux ko Prado zai kai motarsa saboda mai na ɗiga daga mahaɗar giyabos da ogzilari, wato akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya, sai makanike ya kwanta ƙarƙashinta, ya wanke wurin da fetur, ya lafta jan gam a bakin mahaɗar, ya miƙe yana cewa, "Alhaji, an gama, ai ƙaramin abu ne." Wannan cin amana ne tsagwaronsa, kuma mu da muke neman abinci da waɗannan motoci mu ke kwana a ciki.

Duk makaniken da ya amsa sunansa ya san inda matsalar take. Sandar ƙarfen da ke fitowa daga giyabos tana shiga cikin ogzilari, kuma sil na roba ne ke zagaye da ita yana tare mai. Sil ɗin nan a can ciki yake, gam ɗin waje ba ya kai masa ko kusa. Kafin a iso gare shi dole ne a kwance farfelar gaba da ta baya, wato sandunan da ke kai ƙarfi ga ƙafafu, a sauke ogzilarin gaba ɗaya. Robar ba ta da tsada, aikin ne ke da wahala, kuma wahalar nan suke gudu alhali kuɗin aiki suke karɓa cif.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gam ɗin yana ɓoye cutar. Idan an toshe hanyar waje, man ba ya daina tsiyaya, a motoci da dama ƙetarawa yake yi ya cika ogzilari, giyabos kuma yana ƙafewa ba tare da ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa ba. Haka aka yi wa tawa motar. Ina cikin cunkoso a gadar Third Mainland giya ta fara zamewa, injin na ta ƙugi mota ba ta ja, ga ƙaurin ƙonannen mai ya cika ciki. Da aka kwance notin da ake zuba wa ogzilari mai, sai jan man giyabos ya feso har gwiwar hannun yaron garejin, a wurin da bai kamata a ga komai ba sai man giya mai kauri.

Ko waɗanda suke daurewa su sauke akwatin, da yawansu rabin aiki suke yi. A kasuwar kayan gyaran motoci ta Ladipo akwai sil na asali, akwai jabu, amma sai su ɗauko mafi arha su rubuta kuɗin na asali, sannan su doka shi da guduma da sukundireba har bakinsa ya karkace. Ba sa shafa sandar da yatsa su ji ko tsohon sil ya ci mata zobe, alhali idan ya ci, sabon ma ba zai riƙe ba. Ba sa duba ɗan bututun shaƙar iska da ke saman akwatin, wanda laka ke toshewa, har zafi ya matsa man ya fito ta sil. A garin da kowace damina motocinmu ke ratsa ambaliya, ta nan ruwa ke shiga man ya koma fari kamar madara, amma wa ya taɓa ganin sun leƙa shi? Wasu ma baƙin mai suke ɗurawa a inda littafin mota ya ce a zuba man giya irin 75W-90.

Giyabos ɗina ya ƙone, dole na sayi na tokumbo, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, wanda babu mai ba ka tabbacin lafiyarsa, mota ta kwanta, masu kayan da nake ɗauko wa suka nemi wani direban. Da na koma wa wanda ya shafa gam ɗin, ko haƙuri bai ba ni ba, cewa ya yi dama giyabos ɗin ya gaji, sannan ya nemi in bar masa aikin ɗora sabon, in kuma biya shi.