Makirfo uku sun ishi Glyn Johns, me ya sa goma ba su ishe mu ba?

'Yan uwa masu harkar situdiyo, yawan sayen kaya ya fara zame mana ciwo. Da sauti ya ƙi daɗi sai a ce a ƙaro makirfo, a sauya mikisa, a sauke sabuwar manhaja. Ni kuwa a ganina duk mai son ɗaukar ganguna na gaske ya kamata ya fara zama ya nazarci Glyn Johns.

Injiniyan ɗaukar sauti ne, Baturen Ingila, haifaffen 1942, ya koyi aiki a situdiyon IBC a Landan, daga baya sunansa ya fito a situdiyon Olympic. Hannunsa na cikin ayyukan Rolling Stones da The Who da Eagles da Eric Clapton, kuma shi ya ɗauki kundin farko na Led Zeppelin a 1968. A wajen wannan aikin ne salon da ake kira da sunansa ya bayyana, bisa kuskure ma. Ya ari ɗaya daga cikin makirfon gangunan John Bonham, makaɗin gangunan Led Zeppelin, ya ɗauki jita, ya karkatar da layinsa gefe guda a mikisa, da ya mayar da shi kan ganguna sai ya manta bai daidaita ba. Da aka kunna, sai ga ganguna sun buɗe hagu da dama.

Kayan da aka fi saninsa da su a kan ganguna su ne Neumann U67 guda biyu. Makirfo ne mai ƙwan lantarki a ciki, ya fito a 1960, yana zuwa da akwatin wutarsa na kansa, don haka wutar bolt 48 ta mikisa ba ta tayar da shi. Sai na uku a gaban gangar ƙafa. Wani lokaci a ƙara na huɗu a kan sineya, wato ƙaramar gangar nan mai wayoyi a ƙasanta, amma ɗan taɓawa kawai ake yi masa. Shi ke nan. Yana kuma son mawaƙa su yi kiɗa tare a ɗaki ɗaya, a ɗauka a kan tef.

Ga yadda ake girka su. Na farko ya tsaya sama da tsakiyar sineya da kamar mita 1, fuskarsa na kallon ƙasa. Na biyu a kai shi dama da makaɗi, bayan babbar gangar da ke tsaye a ƙasa, ya ɗara bakinta da kamar santimita 15, yana leƙen sineya ta saman gangunan. Abin da bai kamata a yi wasa da shi ba shi ne tazara: nisan kowannensu daga tsakiyar sineya ya zama ɗaya. Ɗauki igiya ko wayar makirfo, danne bakinta a tsakiyar fatar, auna zuwa na sama, riƙe wurin da yatsa, ka juya zuwa na gefe. A mikisa kuma na gefe ya tafi can gefe guda, na sama ya karkata rabi zuwa ɗaya gefen, gangar ƙafa ta zauna tsakiya.

Dalilin awon nan lissafi ne. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Idan makirfo ɗaya ya fi ɗaya nisa da santimita 10 kacal, bugu guda zai iso su a lokuta biyu, kuma da an haɗe su wuri ɗaya igiyoyin sautin za su cinye juna a wajajen hats 1,700 (hats shi ne ma'aunin kaifin sauti), daidai inda sineya take da kaifi. Sai ka ji ta zama holoƙo kamar ana dukan kwali. A lasifika biyu matsalar kan ɓuya, amma a wayar hannu mai lasifika ɗaya, inda akasarin jama'armu ke sauraro, tonon asiri take yi. Saboda haka kafin a fara ɗauka a danna maɓallin mono, wanda ke haɗe hagu da dama wuri ɗaya, a juya maɓallin fes, mai kifar da igiyar sauti, na makirfon gangar ƙafa, a bar shi a inda ƙasan sautin ya fi cika. To ku lissafa: in aka haɗa su bibbiyu, makirfo uku na da haɗuwa uku da za su iya karo, goma kuwa na da 45. Kowane ƙari rigima yake jawowa.

Sai dai fa salon nan ba ya rufa wa kowa asiri, kuma abin da ya sa nake girmama shi ke nan. Tunda makirfo biyu ne ke ɗaukar kusan komai, makaɗi shi ne mikisa. In yana zabga wa fayafayan tagulla duka da ƙarfi yana lallaɓa ganguna, babu maɓallin da zai gyara, domin duk a layi ɗaya suka shiga. Magani a gaya masa gaskiya: sassauta hannu a sama, ƙara nauyi a fata. In fatar ta tsufa ta yi rami a tsakiya, a sauya ta, a ɗaure kusoshin ɗaya da wadda ke fuskantarta, rubu'in juyi kowane zagaye, ana ƙwanƙwasa kusa da kowace kusa har muryarsu ta zo ɗaya.

Ɗaki ma na da nasa hukuncin. Makirfon sama kan kai wajen mita 1.7 daga ƙasa. A ɗakin da rufinsa bai wuce mita 2.5 ba, amsa-kuwwar sili na dawowa cikinsa nan take ta ɓata sautin. A wancan lokacin Olympic ɗaki ne mai faɗi da tsawon rufi, wanda har ƙungiyar makaɗa masu yawa kan zauna a ciki, don haka kada mai ƙaramin shago ya yi tsammanin irin wannan buɗewar. Abin da zai yi shi ne ya sauko da makirfon zuwa santimita 80, ya matso da na gefen daidai haka, ya rataya bargo mai kauri ko katifar soso a sama da gangunan, ya janye su daga kusurwa.

Na san za a ce U67 kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancinmu. Gaskiya ne, kuma ba zan ce mai araha zai ba da laushin da yake bai wa fayafayan tagulla ba. Amma kowane makirfon kwandensa, wato irin na situdiyo mai buƙatar wuta, guda biyu iri ɗaya, masu ɗauka ta gaba, za su ba ka fasalin gangunan daidai. Sharaɗin shi ne su zama samfuri ɗaya, a ba su ƙarfi ɗaya, a bar sarari kamar desibel 10 zuwa 12 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) ƙasa da jan layin mikisa, domin makaɗi ya fi dukan ganga da ƙarfi idan waƙa ta kankama fiye da lokacin gwaji. In makirfon na da maɓallin rage ƙarfi na desibel 10, kamar yadda U67 ke da shi, a kunna shi tun kafin bugun farko.