Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alƙahira: ba ramin ne abin koyi ba

Da wuya Bakatsine ya je Alƙahira jinya ko karatu ya dawo bai yi zancen metro ba, jirgin nan na cikin gari mai bi ta ƙarƙashin ƙasa. Ana gama yabo sai ka ji an ce, mu yaushe za a yi mana irinsa? Kafin a kai nan, gara a san abin da ya sa na Masar yake aiki da kuma inda ya gaza.

Layi na 1, wanda aka buɗe a 1987 kuma shi ne na farko a Afirka, tsawonsa kilomita 44 ne daga Helwan zuwa El Marg, da tashoshi 35. Amma wanda ke cikin rami bai kai kilomita 5 ba, tashoshi 5 kacal. Da ma akwai tsofaffin layukan dogo biyu, ɗaya ya taso daga kudu, ɗaya daga arewa maso gabas, kowanne ya ƙare a bakin tsakiyar gari. Injiniyoyin Masar da na Faransa suka haƙa ɗan tsakanin suka haɗe su. Ba su shiga ƙasa ba sai inda gine-gine suka tare musu hanya.

Ashe saurin jirgin daga hanyarsa yake: ba danja, ba mahaɗa, ba motar da za ta shiga gabansa. Da safe da yamma jirgi na bin bayan jirgi cikin 'yan mintuna, don haka ba mai tambayar ƙarfe nawa zai tashi, kuma ba a jiran ya cika. Layi na 2 ya ratsa ƙarƙashin kogin Nilu ya kai Jami'ar Alƙahira da Giza, na 3 ya fara aiki a 2012. A tashoshin Sadat, Shohadaa, Attaba da Nasser mutum na sauya layi ba tare da ya fito titi ba. An kuma keɓe wa mata taragai a tsakiyar kowane jirgi, tsarin da zai karɓu a wurinmu ba gardama.

Babban rauninsa na aljihu ne. Daga 2006 zuwa 2017 tikiti fam ɗaya ne na kuɗin Masar, ko ina mutum ya nufa. Talaka ya ji daɗi, amma taya, birki, injin tarago da na'urorin sigina duk da kuɗin waje ake sayo su. Da darajar fam ta faɗi a ƙarshen 2016 sai lissafi ya ƙi. Aka mai da tikiti fam 2 a 2017, a 2018 aka koma biya gwargwadon nisa, fam 3, 5 ko 7, har fasinjoji suka yi zanga-zanga a cikin tashoshi. Zuwa Agustan 2024 ya kai fam 8 zuwa 20. Shekarun da aka daskarar da farashi, gyara ne ya biya bashinsu. Tsofaffin taragan Layi na 1 sun daɗe da fanka kawai a zafin Alƙahira, masu na'urar sanyaya iska ba su fara shigowa ba sai wajen 2015.

Sannan gari ya fi jirgin saurin faɗaɗa. Bai kai filin jirgin sama ba, don haka majinyacin da ya sauka dole ya nemi tasi. Sababbin unguwannin da aka gina a hamada gabas da yamma, da ƙananan bas ake isa yawancinsu. Dogaro da 'yan tashoshin sauya layi ma yana da tasa illar: da aka rufe tashar Sadat da ke dandalin Tahrir daga Agustan 2013 zuwa Yunin 2015 saboda tsaro, duk mai sauyawa tsakanin Layi na 1 da na 2 ya koma Shohadaa, cunkoso ya wuce misali.

Shi kansa ramin ba ya hutawa. Ruwan ƙasa na tsatsafowa, dole famfuna su riƙa kwashe shi dare da rana. Manyan fankoki ne ke shigar da iska, su ne kuma za su ja hayaƙi waje in gobara ta tashi. In wuta ta ɗauke, jirgi ya tsaya tsakanin tasha da tasha cike da mutane. Haƙar ma kan motsa ƙasa, kamar yadda aka kwashe mazauna wani dogon bene a unguwar Zamalek a Yulin 2020 bayan ƙasa ta lotsa kusa da aikin Layi na 3. Mai son rami a Katsina ya fara duba yadda magudananmu ke toshewa da leda kowace damina, da awa nawa muke samun wuta a yini.

A ganina Katsina ba ta buƙatar rami, ba yanzu ba, ba nan kusa ba. Yawan jama'armu bai kai na birnin da ya haura mutum miliyan 20 ba. Abin da ya dace mu ara shi ne keɓe hanya tun fili yana da arha. Titin Dutsinma, inda Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, Al-Qalam, Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman suke jere, ya riga ya tara fasinja kullum. A ware wa manyan bas layi guda da shingen kankare daga can zuwa Ƙofar Ƙaura da Babbar Kasuwa, su riƙa tashi a kan lokaci, ko sun cika ko ba su cika ba. 'Yan Keke Napep kuma a ba su wurin tsayawa a kowace tasha, su riƙa kawo mutane daga lunguna.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a 2021, zai bi ta Daura, Katsina da Jibiya. Jirgin cikin garin Abuja ya riga ya nuna abin da ke faruwa in tasha ta yi nisa da gidajen mutane: an buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, bai dawo ba sai 2024. Tun kafin jirginmu ya iso ya kamata hukumar tsara birane ta shata hanyar bas daga tashar zuwa cikin gari, ta hana yanka filaye a gefen dogon, a kuma rubuta a doka kason kuɗin tikiti da za a riƙa zubawa a asusun gyara duk wata.