Gidajen mahautan York

Kun ba da labarin cunkoson 'yan yawon buɗe ido a titin Shambles na birnin York, Ingila, amma ba ku taɓo ginin kansa ba, alhali shi ne abin kallo. Wasu gidajen tun ƙarni na 14 suke tsaye. Manyan katakai aka sassaƙa aka haɗa da turakun itace, aka cike tsakaninsu da yaɓe. A da, lokacin da titin yake layin mahauta, shago a ƙasa, mahauci da iyalinsa a sama. Benen yana leƙowa kan titi har ya kusa haɗa goshi da na gabansa, a da inuwarsa na kare nama daga rana. Har yau akwai ƙugiyoyin rataye nama a gaban wasu shagunan. Don Allah ku kawo hotunansu a rahoto na gaba.