Darbejiya kaɗai ba ta yin daji

Damina ta sauka, an koma gidan jiya. Manya sun naɗe hannun babbar riga sun durƙusa bakin rami, ana miƙa musu butar ban ruwa, masu kyamara na ta ɗauka, daga nan sai sanarwa: bana za a dasa itatuwa miliyan kaza a Katsina. Babu mai komawa a watan Afrilu ya ƙirga nawa suka tsira daga bakin awaki da zafin bazara. Tun shekarun 1980 aka fara dashe a jihar nan da tallafin Turai, ga shirin Babbar Koriyar Ganuwa na dasa itatuwa don tare hamada, da aka kafa wa hukuma a 2015, Katsina na cikin jihohinsa 11. Da adadin da ake faɗa yana rayuwa, da yanzu ba a ganin rana tsakanin Daura da Mai'aduwa.

Leƙa ledojin dashen ka gani. Galibi darbejiya ce da turare, dukkansu baƙi. Darbejiya tana da inuwa, tana jure fari, ba a raina mata. Amma ba ta ba da kalwar daddawa, ba ta ba da man kaɗe, ba kuma za ta yi aikin gawo ba. Gawo yana zubar da ganye daidai lokacin da gero ke neman rana, ganyen ya zama taki, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, da rani kuma ya yi kore shar ya zubo wa tumaki 'ya'ya. Duk tsohon manomi ya san zangarniyar ƙarƙashin gawo daban take. Irin waɗannan itatuwa ne ke tafiya, su da kirya da marke da ake mayarwa gawayi, buhu-buhu a jere bakin titi, motoci na lodi ido na ganin ido.

Idan itace ya faɗi, masu zama kansa ma sun tashi. A da ungulu har gundurar mahauta take yi a kwata. Yau akwai yaran da ba su taɓa ganinta ba. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, saboda guba da farautar sassan jikinta don tsibbu, ga dogayen itatuwan da take sheƙa a kai ana ta sarewa.

Masu cewa a share dajin Rugu ƙarƙaf don 'yan bindiga su rasa maɓoya, su fara gaya mana inda ɓarawo mai babur ya taɓa tuba don an sare masa itace.

Abin takaicin, maganin yana nan tsallaken Jibiya. A Maraɗi da Damagaram, tun shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke kututture lokacin sassabe. Sai su zaɓi tsiro ɗaya ko biyu masu ƙarfi, su datse sauran, su bar tsohuwar saiwa ta yi aikinta. Da haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, ba leda, ba tankar ruwa. Laifin wannan dabara a wurinmu ɗaya ne: babu kwangila a cikinta.

A rage kuɗin rumfa da kujerun biki, a biya manomi bisa kowane gawo da ɗorawa da aka tarar da rai a gonarsa. Dillalin gawayi mai tirela kuma a fara da shi, kafin a taɓa tsohuwar da ta ɗauko ƙirare a ka.