Alexandre Dumas: maraya da ya rubuta ramuwa, ya kuma ga iyakarta

A cikin littafin tarihin rayuwarsa, Alexandre Dumas, marubucin ƙagaggun labarai ɗan Faransa, ya ba da labarin ranar da aka gaya masa mahaifinsa ya rasu, a watan Fabrairun 1806, shi kuwa bai cika shekara huɗu ba. Aka ce masa an ɗauke baba zuwa sama. Yaron ya faki idon manya, ya ɗauko bindigar uban, ya kama hawa bene. Uwarsa ta tare shi a kan matakala ta ce ina za ka? Ya ce sama zai je ya rama wa babansa. Ta karɓe bindigar, ta rungume shi tana kuka, ta ce kada ya sake yin irin wannan saɓo. Magana ce ta yaron da alƙalami bai hau kansa ba, amma ni a ganina duk abin da mutumin nan ya rubuta daga baya, a kan matakalar nan ya soma.

Na fara karanta shi ne a wani kwafi na aro wanda bangonsa ya cire, an ɗinke gefensa da zare, shafukan sun yi ja saboda hannuwan da suka bi ta kansu. A lokacin faɗan takobi da sukuwar dawaki nake bi. Sai da na girma na gane cewa masu ɗaukar irin waɗannan littattafai a matsayin abin kashe lokaci kawai ba su yi musu adalci ba.

Wane ne wannan uba? An haifi Thomas-Alexandre Dumas a 1762 a garin Jérémie, a ƙasar da yau ake kira Haiti. Mahaifinsa basaraken Faransa ne, mahaifiyarsa Marie-Cessette baiwa ce baƙar fata. Da basaraken ya tashi komawa gida, sai ya jinginar da ɗan cikinsa don ya sami kuɗin jirgi, daga baya ya fanshe shi. Da yaron ya shiga soja, ya ajiye sunan gidan sarautar ya ɗauki sunan uwarsa, Dumas. A 1793, yana ɗan shekara 31, ya zama janar a rundunar juyin juya halin Faransa. Ya bi Napoleon yaƙin Masar a 1798, suka saɓa, ya nemi izinin komawa gida. Jirgin da ya shiga ya fara shan ruwa, suka raɓa tashar Taranto a kudancin Italiya, nan aka kama shi aka jefa kurkuku shekara biyu. Ya fito da jiki a lalace. Ya yi ta rubuta takardu yana neman haƙƙinsa da a mayar da shi bakin aiki, shiru kake ji. A 1802, shekarar da aka haifa masa Alexandre, Napoleon ya dawo da bauta a ƙasashen da Faransa ke mulka. Janar ɗin ya mutu a talauce a garin Villers-Cotterêts, matarsa ma ba a ba ta fanshon da ya kamata ba.

To, wanda ya san wannan, idan ya buɗe Le Comte de Monte-Cristo, wanda ya riƙa fitowa kashi-kashi a jarida daga 1844 zuwa 1846, zai ga inuwar uban a ciki. Edmond Dantès saurayi ne ma'aikacin jirgin ruwa, aka ƙulla masa sharri da wasiƙar ƙarya, aka kama shi ana tsakiyar walimar aurensa. Mai gabatar da ƙara ya san ba shi da laifi, amma ya binne shi da rai don ya kare kansa da muƙaminsa. Shekara 14 ya yi a kurkukun tsibirin If da ke gaban Marseille. Abin da aka hana janar, wato fita da ƙarfi da dukiya da damar tsayawa gaban azzalumai, shi ɗan ya ba gwarzonsa a kan takarda.

Da a nan littafin ya tsaya, da ban rubuta wannan sharhi ba. Labaran ramuwa sun cika duniya, kuma mu ma mukan ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Abin da ya ɗaga Dumas a idona shi ne bai yi wa kansa ƙarya ba. Ya bar Dantès ya shirya tarkonsa shekara da shekaru, yana ganin kansa kamar hannun ƙaddara, har ranar da tarkon ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ɗan ƙaramin yaron mai gabatar da ƙarar ya mutu da guba a hannun uwarsa, wadda asirinta ya tonu ta kashe kanta. Dantès ya tsaya a kan gawar yaron, ya yi ƙoƙarin ceto shi bai iya ba, fuskarsa ta canza. Nan ya gane ya wuce gona da iri. Maƙiyinsa na ƙarshe, bayan ya ɗanɗana masa yunwa, sai ya yafe masa ya sake shi. Wasiƙar da ya rufe littafin da ita kuwa cewa ta yi hikimar ɗan Adam duka tana cikin kalmomi biyu: jira da sa rai.

Wani zai ce ai da sauƙi mutum ya yi wa'azin haƙuri bayan ya gama cin moriyar ramuwa, kuma marubucin ya sayar da ɗaruruwan shafuka na daɗin fansa kafin ya zo da nadama a ƙarshe. Akwai gaskiya a wannan suka, ban raina ta ba. Sai dai ina ganin nadamar ba za ta yi nauyi ba in da ba a bi da mai karatu ta cikin daɗin ba. Kai ma da kake karantawa kana murna duk lokacin da wani maƙiyi ya faɗi, kana cewa Allah ya ƙara. Saboda haka idan gawar yaron ta bayyana, har kai abin ya shafa. Mai wa'azi zai gaya maka fushi yana da iyaka. Mai labari ya kai ka har bakin iyakar ka leƙa da idonka.

Kuma jiran da yake nufi ba naɗe hannu ba ne. A kurkukun, wani tsohon malamin coci mai suna Faria, wanda shi ma a tsare yake, ya koya wa Dantès harsuna da tarihi da lissafi, suna haƙa rami da kayan aikin da suka ƙera da hannunsu. Irin haƙurin mai dafa dutse ne, wanda ba ya barin wutar ta mutu.

Shi kansa Dumas haka ya rayu, da hannu a buɗe da gaba gaɗi. Ya shigo Paris a matsayin ɗan ƙauye, kyan rubutun hannunsa ya sama masa aikin magatakarda a ofishin basaraken Orléans. Da kuɗi suka zo, ya gina katafaren gida a Port-Marly, ya buɗe gidan wasan kwaikwayo a 1847, ƙofarsa ba ta rufuwa, na kirki da 'yan cin banza kowa ya zo ya ci. Cikin 'yan shekaru gidan ya salwanta, gidan wasan ya karye, a 1851 ya tsallaka Beljiyam masu bin bashi na biye da shi. Ban yaba wannan almubazzaranci ba, domin akwai waɗanda suka yi aiki ba a biya su ba. Cikinsu har da Auguste Maquet, malamin tarihin da ya riƙa tono masa labarai yana tsara masa daftarin farko na manyan littattafansa, ciki har da Les Trois Mousquetaires, labarin dakarun sarki uku, na 1844. Sunan Maquet bai fito a bango ba, abin da ya kai su har kotu. Mutumin da ya san zafin a danne wa uba haƙƙi bai kamata ya bar abokin aikinsa a inuwa ba, kuma wannan tabo ne da ba na ɓoye masa.

Amma dubi yadda ya ɗauki cin mutunci. A 1845 wani marubuci, Eugène de Mirecourt, ya fitar da ƙasida yana zaginsa har da launin fatarsa da asalin kakarsa. Dumas ya kai shi ƙara, ya yi nasara, ya koma kan teburinsa. Tun 1843 ya riga ya rubuta Georges, labarin ɗan ruwa biyu a tsibirin Moris da wulaƙancin da farar fata ke yi masa. Bai ɓoye jininsa ba, bai kuma bar ƙiyayya ta cinye masa zuciya ba. A 1860, yana kusan shekara 58, ya ɗauki jirgin ruwansa ya bi Garibaldi, jagoran mayaƙan Italiya, ya sayo masa bindigogi don yaƙin haɗa kan Italiya. Sarautar da aka kifar a wannan yaƙi ita ce ta Naples, wadda ta tsare mahaifinsa a Taranto. Kimanin shekara sittin ke nan bayan tsarewar.

Mu ma ba baƙin wannan salo ba ne. Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, ya ɗauki zuwan Turawa da yaƙe-yaƙen lokacin ya saƙa su da labarin jarumta, don mutanen da aka ci da yaƙi su sake ganin kansu a kan doki. Abin da nake fata ga marubutanmu na yau, masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp kamar yadda Dumas ya yi a jarida, shi ne idan sun ba gwarzonsu damar ramawa, su yi ƙarfin halin nuna mana wanda ramuwar ta taka a hanya.

Dumas ya rasu ranar 5 ga Disamba 1870 a gidan ɗansa kusa da Dieppe, ba shi da komai. A ƙarshen Nuwamban 2002, zamanin Shugaba Jacques Chirac, aka tono ƙasusuwansa daga Villers-Cotterêts aka kai su Panthéon, makwancin manyan Faransa, dakaru huɗu sanye da kayan jaruman littafinsa suna ɗauke da akwatin. Janar ɗin kuwa, wanda aka narkar da mutum-mutuminsa na Paris lokacin da Jamus ta mamaye Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu, yana nan kwance a maƙabartar garinsu, kusa da matarsa.